Takobin Fim na Asali da na Kwaikwayo: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ya daɗe yana sha'awar tara kayan da ake amfani da su a finafinan Amurka da Ingila, kuma yanzu ya ɗan tara kuɗi. Ya ga takubba biyu a intanet. Na farko wani mutum ne yake sayarwa, yana cewa an riƙe shi a wani fim na yaƙi, har da takardar shaida. Na biyu wani kamfani mai lasisi ne ya ƙera shi, ya kuma faɗa a fili cewa kwaikwayo ne, kuɗinsa bai kai rubu'in na farkon ba. Yana son sanin wanne zai saya, da kuma ainihin abin da ya bambanta su.

Amsa: Malam, in dai abin da ka bayyana shi ne duk abin da ke hannunka game da takobin farko, wato maganar mai sayarwa da takarda guda ɗaya, to ka riƙe kuɗinka tukuna. Na shafe shekaru ina bin wannan kasuwa, na saya, na sayar, na kuma tafka asara, kuma abin da na ga ya fi cinye kuɗin sababbin shiga shi ne kayan da ke tsaka-tsaki: ba su da hujjar da za ta tsayar da su a matsayin na asali, amma farashinsu ya wuce na kwaikwayo nesa ba kusa ba. Wanda ya sayar maka da kwaikwayo da sunan kwaikwayo bai cuce ka ba. Wanda ake tsoro shi ne mai ɗaukar kwaikwayo ya sanya masa rigar asali.

Kalmar "na asali" ita ce farkon abin da ke rikita mutane, domin suna zaton abu ɗaya tak ake ƙera wa fim. Idan labari ya buƙaci takobi, sashen kayan aiki yakan yi guda da yawa, kowanne da aikinsa. Akwai na ƙarfe mai cikakken ado, wanda ake kusanto da kyamara a kansa, masu sana'ar suna yi masa laƙabi da "jarumi", shi ne kuma mafi tsada. Akwai na alminiyom ko na roba da ake fafatawa da shi don kada a ji wa wani rauni. Akwai na 'yan cike fage, wanda in ka ɗauke shi a hannu za ka yi mamakin rashin kyansa, tunda daga nesa kawai aka yi shi a gani. Sannan akwai waɗanda aka ƙera aka ajiye don ko-ta-kwana, har aka tashi daga aiki ba wanda ya taɓa su. Duka huɗun ana iya cewa "daga fim ɗin suka fito" ba tare da an yi ƙarya ba, alhali tazarar farashinsu tana iya kaiwa ninki goma ko fiye. Saboda haka jimlar da aka rubuta a tallar tana da muhimmanci ƙwarai: "an ƙera shi domin fim" daban, "an yi amfani da shi a gaban kyamara" daban, "an gano shi a wani takamaiman hoto na fim ɗin" kuma shi ne mataki na ƙoli.

Babu labarin da ya fi fito da wannan al'amari fili kamar na jajayen takalman da Judy Garland ta sa a fim ɗin The Wizard of Oz na 1939. A watan Mayun 1970 kamfanin MGM ya yi gwanjon tufafi da kayan aikin da ya tara shekara da shekaru, domin a wancan lokaci kamfanonin fim suna ɗaukar irin waɗannan kaya a matsayin tarkacen da suka cika musu rumbu. A nan aka sayar da saiti ɗaya na takalman a kan dala 15,000, jama'a na ganin shi ke nan babu wani. Ba a jima ba wata mata daga jihar Tennessee ta fito ta ce ita ma tana da saiti, ta ci shi a wata gasa tun zamanin da fim ɗin ya fito, kuma gaskiya ta faɗa. Daga baya aka gane cewa Kent Warner, ma'aikacin sutura da ya taimaka wajen shirya kayan gwanjon, ya samo saiti fiye da ɗaya a rumbun. Yau an san saiti huɗu da aka yi aiki da su waɗanda suka rage. Ɗaya yana gidan adana tarihin Amurka na Smithsonian a birnin Washington tun 1979.

A watan Agustan 2005 aka fasa gidan tarihin Judy Garland da ke garin Grand Rapids a jihar Minnesota, aka ɗauke wani saitin da mai shi ya ba da aro. Sai a 2018 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta gano shi. Mutumin da ya amsa laifin satar ya ce ya ɗauka jan yaƙutu ne na gaske a jikin takalman, ganin yawan kuɗin inshorar da aka yi musu, da aka ce masa gilashi ne sai ya rabu da su. Ya nemi darajar a cikin kayan da aka yi takalman da su, alhali in don kayan ne, ƙyalƙyali ne irin wanda ake jerawa a jikin leshi, da duwatsun gilashi, a kan takalmin kanti da aka rina. A watan Disambar 2024 gidan gwanjo na Heritage ya sayar da wannan saiti a kan dala miliyan 28, da aka haɗa da la'ada ya kama dala miliyan 32.5.

Abin da nake son ka lura da shi a labarin shi ne yadda aka tabbatar da su bayan shekara 13 a hannun da ba a sani ba. FBI ta kai su wurin masu kula da kayan tarihi na Smithsonian, waɗanda suka riga suka yi dogon nazari a kan nasu saitin. Suka gwada ɗinki da ɗinki, da irin ƙyalƙyalin, da yadda tsufa ya ci su. Suka tarar da dutsen gilashi fari da aka shafa wa jan fenti, gyaran gaggawa irin wanda suka riga suka gani a nasu, abin da mai yin jabu ba zai san da shi ba balle ya kwaikwaya. Ƙarshe ma aka gano cewa saitin biyu sun cakuɗe tun da can: ƙafar daman wannan ita ce 'yar'uwar ƙafar hagun wancan. Irin wannan hujja ce ake biya wa miliyoyi, hujjar da ke tsaye da ƙafarta ko da duk wanda ya sayar ya mutu.

Duk wanda ya taɓa sayen fili ya san cewa kyan takarda ba ya hana rigima. Abin da ake bi shi ne salsala: wa ya mallaka da farko, wa ya sayar wa wa, su wa suka shaida, kuma ko akwai wata shekara da ba a san a hannun wa filin yake ba. Haka kayan fim suke. Takardar shaida ba ta wuce ƙarfin wanda ya sa mata hannu ba, kuma duk mai na'urar buga takarda zai iya yin ta da hatimi mai walƙiya cikin minti biyar. Takardar da ke da nauyi ita ce wadda ta fito daga kamfanin da ya shirya fim ɗin, ko daga shugaban sashen kayan aiki da sunansa ke cikin jerin ma'aikatan fim ɗin, ko daga gidan gwanjon da ke da adireshi da suna da zai ji tsoron ɓatawa, wanda kuma ya rubuta cewa zai mayar da kuɗi idan abin ya zama jabu. Ka duba katakon zamiya a kan ƙanƙara na fim ɗin Citizen Kane na 1941, wanda aka sayar a watan Yulin 2025 a kan dala miliyan 14.75. Salsalarsa gajeriya ce, a bayyane take: darakta Joe Dante ya same shi a 1984 yana aiki a harabar Paramount, inda a da kamfanin RKO da ya yi fim ɗin yake, lokacin da ake kwashe tsofaffin kaya, ya kuma zauna a hannunsa kimanin shekara 40. Duk da haka sai da aka yi wa katakon gwajin kimiyya kafin a kai shi kasuwa.

Kada kuma ka ɗauka babban suna ya ɗauke maka nauyin karatu. A 2006 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da kayan shirin Star Trek da suka fito daga rumbun kamfanin kansa. Wani mai saye ya biya dala 6,000 a kan wata 'yar hular kare haske, yana ganin ita ce ɗan wasa Brent Spiner ya sa a shirin. Da ya kai masa don ya sa hannu, sai ɗan wasan ya ce wadda ya sa ɗin ya riga ya sayar da ita da kansa. Mutumin ya kai ƙara, kotu ta yi watsi da ita, kuma sharuɗɗan sayarwar da ya amince da su kafin ya yi tayi suna cikin abin da ya kayar da shi. Fitowar abu daga rumbun kamfani tana nuna cewa na gidan ne, amma ba ta isa ta nuna cewa shi kyamara ta ɗauka ba.

Hanyar da ta fi kowace ƙarfi ita ce gano abin a cikin hoton fim ɗin. Ana tsayar da fim a inda kayan ya fito sosai, a faɗaɗa hoton, a nemo tabon da ba zai maimaitu ba: karce, ɗigon fenti, zanen jijiyar katako, zaren da ya kauce a ɗinki. Idan tabo uku ko huɗu suka faɗa daidai wurinsu a jikin abin da ke hannunka, magana ta kusa ƙarewa. Fitowar tsofaffin finafinai da hoto mai kaifi a 'yan shekarun nan ta ɗaga darajar wasu kaya, ta kuma tona asirin wasu da aka daɗe ana alfahari da su. Takobin ƙarfe yana da sauƙi ta wannan fuska, domin kaifinsa yakan samu tsaguwa, fatar da aka naɗe mariƙinsa da ita kuma ba ta naɗuwa iri ɗaya sau biyu.

Gwajin kayan da aka yi abu da shi kuwa yana iya kayar da jabu, amma ba kullum yake tsayar da na gaskiya ba. Takobin hasken Luke Skywalker a fim ɗin Star Wars na 1977 misali ne mai kyau. Roger Christian, mai ƙawata fagen fim ɗin, ya haɗa shi ne da mariƙin fitilar tsohuwar kyamara ta Graflex da ya samo a wani shagon kayan hoto a Landan, ya manna masa 'yan tarkace. Irin wannan mariƙi an yi shi da yawa, har yau kuma masu sha'awa suna farautarsa a kasuwar tsofaffin kaya suna haɗa nasu. Wanda suka haɗa ɗin ƙarfensa na zamanin ne, tsufansa na gaske ne, babu ɗakin gwajin da zai ce ƙarya ne. Abin da ya rasa kawai shi ne bai taɓa shiga fagen fim ba, wannan kuwa salsala ce kaɗai za ta nuna. Akwai ma kayan da suke na asali amma haɗe-haɗe ne, kamar mutum-mutumin R2-D2 na Star Wars da aka sayar a 2017 a kan dala miliyan 2.76, wanda aka harhaɗa daga sassan da aka yi aiki da su a finafinai daban-daban na jerin. An faɗi haka a fili kafin a sayar, shi ya sa ban ga aibu a cinikin ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa ramin da nake jan kunnenka a kai. A farkon shigata na sayi wata wuƙa ta roba mai tauri daga wani dillali, da takarda mai hatimi da labari mai daɗi cewa daga hannun wani ma'aikacin fim ta fito. Bayan kusan shekara biyu wani abokina ya zo da kwaikwayon wuƙar na kamfani mai lasisi, muka jera su a kan tebur. Tawa ta ɗan gaza tasa tsawo, zanen jikinta ya dushe kamar an shafe shi, kuma a daidai inda tambarin kamfani yake a tasa, tawa tana da wani ɗan lotsawa da aka goge aka rufe da fenti. Ashe an yi mazubi ne daga na kanti aka zuba tawa a ciki. Duk wanda ya ga yadda ake zubin tukunyar alminiyom daga wata tukunyar ya san cewa kowane zubi yana rage wani abu na kaifin zane, robar zubi ma takan ɗan tsuke idan ta daskare. Na yi baƙin ciki sosai, har yau kuma wuƙar tana wurina, ban yarda na sayar wa kowa ita ba, don kada ta koma kasuwa da tsohon labarinta.

Game da na kwaikwayo, ban yarda da masu raina shi ba. Sau da yawa ya fi na asali kyan gani, domin kamfanoni irin su Weta Workshop da United Cutlery da Noble Collection suna ƙera abin ne yadda ido ya tuna shi a fim, da ƙarfe mai nauyi da fenti mai tsabta, alhali na asalin an yi shi cikin gaggawa don ya yi aikin 'yan makonni. Katakon nan da ya yi iyo a ƙarshen fim ɗin Titanic, wanda aka saya a kan dala 718,750 a watan Maris na 2024, na balsa ne, icce marar nauyi. Kwaikwayo yana ba ka damar ɗauka, ka juya, ka miƙa wa baƙo ya riƙe ba tare da gabanka ya faɗi ba. Kuma ba kullum yake da arha ba: kamfanin Aston Martin ya sake ƙera motoci 25 irin DB5 ta James Bond a fim ɗin Goldfinger, da na'urorinta na leƙen asiri, ya fara miƙa su a 2020 a kan fam miliyan 2.75 kowace ɗaya ban da haraji, kuma ba a yarda a hau titi da su ba. Masu sayen sun san sarai sababbi ne.

Inda kwaikwayo ya gaza shi ne wajen sayarwa. Abin da aka yi dubbai, ana kuma iya sake yin wasu, ba ya tashi sai in an ƙayyade adadinsa kuma kamfanin ya daina yi, shi ma ɗin tashin ba shi da tabbas. Ka saye shi da niyyar kuɗin sun tafi wajen jin daɗinka. Akwai kuma waɗanda masu sha'awa ke ƙerawa a gida ba lasisi, wasunsu sun fi na kamfani bin ƙa'idar asali, sai dai daga cikinsu ne jabu ya fi fitowa, da zarar sun wuce hannu biyu ko uku an manta wanda ya yi su.

Na asali ma yana da kuɗin da ba a rubuta a talla. La'adar gidan gwanjo tana hawa kan farashin da aka buga, ka ga a cinikin takalman nan ita kaɗai ta kai dala miliyan 4.5, kuma a ƙananan kaya kasonta ya fi haka girma. Ga kuɗin dako, ga inshora, ga kwastan, wanda ya kamata ka binciki dokarsa tun kafin ka biya, musamman a kan duk abin da ya yi kama da makami. Bayan haka sai renon abin. Soson robar da ake yin fuskoki da dodanni da shi yana bushewa ya marmashe da kansa, zafi da hasken rana kuma suna gaggauta masa. Idan kana zaune a inda zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarkin da ba ta tsayawa, to irin wannan kaya ba naka ba ne, ƙarfe da katako da takarda sun fi jimiri. Smithsonian da kanta sai da ta nemi gudummawar jama'a a 2016, ta tara sama da dala 300,000, don nazari da kula da takalma saiti ɗaya da akwatin da za a nuna su a ciki.

Idan zuciyarka ta nace sai ka mallaki abin da ya shiga fagen fim da gaske, akwai ƙofa mai daidai da aljihu. Kamfanoni irin su Propstore, wanda aka kafa a Ingila a 1998, sukan yi gwanjo tare da kamfanonin fim bayan an kammala aiki, inda salsalar ba ta wuce hannu biyu ba. A irin wannan gwanjo ake samun ƙananan kaya: jaridar da aka buga domin labarin, takardun kuɗi na wasa, rigar ɗan cike fage, takardar tsarin aikin yini. Ba su da kwarjinin takobi, amma na gaskiya ne, kuma a ganina ƙaramin abu mai tsabtataccen tarihi ya fi babban abu mai labarin "wani ya ce".

Shi kuma mai takobin farko, ka rubuta masa ka tambaye shi sunan wanda ya fito da takobin daga wurin aikin da muƙaminsa a fim ɗin, da hannayen da ya bi shekara bayan shekara, da ko na gaban kyamara ne ko na fafatawa ko na cike fage, da minti na nawa ne a fim ɗin ake ganinsa. Ka nemi hotuna na kusa na mariƙi da kaifi da duk wani tabo, da awon tsawo da nauyi, sannan ya rubuta maka cewa zai mayar da kuɗinka idan wani masani ya ƙi amincewa da shi. Mai kayan gaskiya ba ya gajiya da irin waɗannan tambayoyi, yawanci ma amsoshin suna ajiye a wurinsa. Idan ya amsa da suna da shekara da hoto, ka aiko mu duba tare. Idan ya ce wanda ya ba shi ba ya son a ambaci sunansa, ko ya fara cewa wani yana jira da kuɗi a hannu, ka sayi na kamfanin nan mai lasisi, ka rataye shi nesa da taga, ka riƙa shafa wa ƙarfen ɗan mai lokacin damina, ka kuma adana kwalinsa da takardar lambarsa, domin su za a fara tambayarka ranar da ka so sayarwa.